Yau da Gobe a Allon Silima: Tarihin Zaman Aure a Fina-finan Soyayya

1. Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga gidan silima ya san yadda fim ɗin soyayya yake ƙarewa. Saurayi da budurwa sun haɗu, sun so juna, sai wani abu ya gitta tsakaninsu, ko uba mai taurin kai, ko talauci, ko wani mai kuɗi da ya shigo neman yarinyar. A sha wuya, a yi koke-koke, daga bisani gaskiya ta yi halinta, a ɗaura aure. A daidai nan ne ake kunna fitilu, 'yan kallo su kakkaɓe riguna su nufi gida. Abin da yake faruwa bayan an watse daga biki, 'yan rakiyar amarya sun koma gidajensu, an bar mutum biyu da kuɗin cefane da goyo da jinya da tsufa, wannan kuwa ba kasafai ake nuna shi ba.

Alhali kuwa neman aure aikin watanni ne, ko 'yan shekaru kaɗan, amma zaman aure yana iya kai shekara 40 ko 50. Ashe ke nan fim ya ɗauki guntun labarin ya bar dogon. Akwai dalilai biyu da suka sa haka. Na farko, mai tsara labari yana bukatar maƙiyin da za a gani da ido, a yi ta fama da shi har a ci nasara, kuma neman aure cike yake da irin waɗannan maƙiya. Auren da ya daɗe ba lalle ne ya kasance da maƙiyi irin wannan ba, domin abin da yake cin sa a hankali shi ne abin da Hausawa suke kira yau da gobe, wadda aka ce ba ta bar komai ba. Na biyu, fim awa biyu ne ko uku, ta yaya za a cusa shekara 30 a cikinsa har mai kallo ya ji nauyinsu?

Wannan lacca za ta bi tarihin yadda masu shirya fim suka shawo kan waɗannan matsaloli biyu, daga shekarar 1934 zuwa 2015, a Amurka da Turai da Indiya, sa'an nan a ƙarshe ta duba inda al'amarin ya shafi ƙasar Hausa. Za a ga cewa sauyin bai zo daga hikimar masu fim kaɗai ba, yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da dokokin tace fim da kuma dokokin saki na ƙasashen da abin ya shafa.

2. Zamanin da Doka ta Tsare Ƙofa

A shekarar 1930 manyan kamfanonin fim na Amurka suka amince da wani kundin ƙa'idoji da aka fi sani da sunan Will Hays, shugaban ƙungiyarsu. Daga 1934 aka fara aiki da shi ba sani ba sabo, a ƙarƙashin ofishin Joseph Breen, ta yadda ba a sakin fim a manyan gidajen silima sai ya sami takardar amincewa. Daga cikin abin da kundin ya tanada akwai kare martabar aure da iyali, da hana nuna cin amanar aure a matsayin abin sha'awa ko abin da za a kafa wa uzuri. Niyyar mai kyau ce, amma ta haifar da abin da ba a zata ba. Tun da nuna ɓarakar cikin gida yana iya jawo almakashin masu tacewa, sai masu fim suka ga hanya mafi sauƙi ita ce a tsaya a ranar ɗaurin aure. Fim ɗin It Happened One Night na Frank Capra, wanda ya fito a 1934 ya kuma kwashe manyan kyaututtukan Oscar guda 5, shi ya zama abin koyi: 'yar attajiri ta gudu daga gida, ta haɗu da ɗan jarida a motar haya, suka yi ta tanka wa juna har suka shaƙu, labari ya ƙare da aurensu.

Masu son taɓo maganar ma'aurata sai suka ɓullo da wata dabara, watau su raba miji da mata a farkon fim, su maido da su a ƙarshe. Masanin falsafa Stanley Cavell na Jami'ar Harvard ya yi nazarin irin waɗannan fina-finai a wani littafi da ya buga a 1981. Da Hausa za a iya kiransu fina-finan kome. Alal misali, a The Awful Truth na 1937, miji da mata suna zargin juna, suka kai ƙara kotu, har da rigima a kan wanda zai riƙe karensu. Kotu ta ɗiba musu wa'adi kafin sakin ya tabbata, kwatankwacin idda, a cikin wa'adin nan kowannensu ya yi ta ɓata wa ɗan'uwansa sabon neman da ya fara, har suka shirya ana gab da cikar lokaci. Haka The Philadelphia Story da His Girl Friday, duka na 1940, suka bi wannan turba. In aka duba da idon basira, waɗannan fina-finai neman aure ne aka sake maimaitawa, sai dai masu neman sun riga sun san juna. Ba a ga shekarun da suka kai su ga kotu ba, ba a kuma ga waɗanda za su biyo bayan komen ba.

Sai dai a wannan shekara ta 1937 mutumin da ya shirya The Awful Truth, watau Leo McCarey, ya fitar da wani fim na dabam mai suna Make Way for Tomorrow. Labarin wani dattijo ne da matarsa, waɗanda suka shekara 50 da aure, suna da 'ya'ya 5, banki ya ƙwace musu gida saboda bashi. Babu ɗan da ya yarda ya ɗauke su tare, sai aka raba su, uwa ta tafi gidan ɗa, uba ya tafi gidan 'ya. A ƙarshe aka yanke shawarar tura tsohon Kalifoniya, ita kuwa tsohuwar za ta koma gidan gajiyayyu, ta kuma ɓoye masa wannan don kada ransa ya ɓaci. Aka ba su yini guda a birnin Niyok, suka ziyarci otal ɗin da suka sauka suna ango da amarya, suka yi ban kwana a tashar jirgin ƙasa, kowannensu ya san da wuya su sake ganin juna. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. An ba McCarey kyautar Oscar a kan fim ɗinsa na barkwanci, an kuma ruwaito cewa ya gode, amma ya ce an ba shi ne a kan fim ɗin da bai kamata ba. Wannan ya nuna cewa tun a lokacin akwai masu iya nuna tsohuwar soyayya, 'yan kallo ne ba su shirya biyan kuɗi don ganinta ba.

3. Yadda Aka Koyi Nuna Wucewar Shekaru

Matsala ta biyu, watau ta lokaci, an sami bakin zarenta a wani fim da ba na soyayya ba ne. A Citizen Kane na Orson Welles, wanda ya fito a 1941, an nuna mutuwar auren Kane da matarsa ta fari a cikin kamar minti 2, kuma duk a wuri guda, watau teburin karin kumallo. A fitowar farko suna zaune kusa da juna, suna zolaya irin ta sababbin aure. Kyamara ta juya, sai ga su a wata safiyar, tufafi sun sake, magana ta gajarta, ta fara ƙorafin yawan zamansa a ofishin jaridarsa. Haka aka yi ta juyawa, har aka zo safiyar da ba mai cewa uffan, shi yana karanta jaridarsa, ita tana karanta jaridar abokan hamayyarsa, kyamara ta ja da baya aka ga tsawon teburin da ke tsakaninsu. Ba a yi duka ba, ba a yi zagi ba, amma kowa ya gane cewa auren ya ƙare. Darasin da masu fim suka ɗauka shi ne, in ana son nuna yau da gobe, sai a ɗauki abu guda da ake maimaitawa kullum, a nuna yadda yake sake kama.

A Italiya kuma, Roberto Rossellini ya bi wata hanyar a fim ɗinsa na 1954 mai suna Viaggio in Italia, watau tafiya a Italiya. Wasu ma'aurata 'yan Ingila, waɗanda Ingrid Bergman da George Sanders suka fito a matsayinsu, sun je yankin Naples sayar da gidan gado. Da suka rabu da harkokin da suka saba shagaltar da su a gida, sai suka tarar ba su da abin da za su ce wa juna. A kufan birnin Pompeii, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, suka ga ana tono siffar wani namiji da mace da suka mutu kwance gefen juna, matar ta kasa daurewa ta bar wurin. Babu kishiya a labarin, babu mugun uba, abin da ya addabe su kawai shi ne sabo da gundura.

4. Bayan da Dokoki Suka Sassauta

A shekarun 1960 kundin Hays ya fara rasa ƙarfi. Fim ɗin Who's Afraid of Virginia Woolf? na 1966, inda Elizabeth Taylor da Richard Burton suka fito a matsayin malamin jami'a da matarsa suna yi wa juna tonon silili a gaban baƙi dare guda cur, ya ƙunshi kalaman da a da ba za su wuce ba, amma aka bar shi ya fita bisa sharaɗin manya ne za su kalla. A 1968 aka jingine kundin baki ɗaya, aka maye gurbinsa da tsarin rarraba fina-finai gwargwadon shekarun mai kallo. A daidai wannan lokaci dokokin saki su ma suna sauyawa. A 1969 Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar Kalifoniya da ta ba da damar rabuwa ba sai an tabbatar da laifin ɗaya daga cikin ma'auratan ba, ta fara aiki a 1970. Ingila ta yi nata gyaran a 1969, Italiya ta halatta saki a 1970, jama'arta kuma suka tabbatar da dokar a ƙuri'ar raba gardama ta 1974. Da saki ya zama abin da kowa yake gani a unguwarsu, sai tambayar da fim yake yi ta sake. A da ana tambaya ne ko masoya za su sami juna, daga nan kuwa aka koma tambayar ko za su iya zama.

Two for the Road na Stanley Donen, wanda ya fito a 1967, ya ɗauki darasin teburin Kane ya faɗaɗa shi. Audrey Hepburn da Albert Finney sun fito a matsayin ma'aurata da suke bin hanya guda zuwa kudancin Faransa sau da yawa a cikin shekara 12, aka kuma cuɗanya tafiye-tafiyen, ta yadda mai kallo yake gane lokacin da ake ciki daga irin motar da suke ciki. Sa'ad da suke roƙon a rage musu hanya, ba su da ko sisi, suna cikin raha. Da mijin ya zama babban mai zanen gine-gine suka hau mota mai tsada, sai raha ta ƙaura. Tun suna samari sun taɓa ganin wasu mutum biyu suna cin abinci shiru, suka yi musu dariya cewa lalle waɗannan ma'aurata ne. Bayan shekaru sai ga su su ma a irin wannan zama.

Wanda ya kai wannan salo ƙololuwa shi ne Ingmar Bergman na ƙasar Suwidin, da shirinsa na talabijin mai kashi 6 da aka nuna a 1973, wanda aka fi sani da Scenes from a Marriage. Johan malamin jami'a ne, Marianne lauya ce mai kula da shari'o'in iyali, sun shekara 10 da aure, har wata mujalla ta zo hira da su a matsayin abin misali. Wata rana da dare Johan ya gaya mata cewa yana son wata, kuma da safe zai tafi da ita. Marianne ta taya shi haɗa kaya, da ya fita ta buga wa abokansu waya, sai ta tarar kowa ya daɗe da sani sai ita. Ranar sa hannu a takardar saki suka yi dambe a ofishinsa. A kashi na ƙarshe, kowa ya yi wani auren, suka sake haɗuwa, a nan ne kuma suka yi wa juna magana ta gaskiya wadda ba su taɓa yi ba suna tare. An yi ta yaɗa cewa shirin ya sa saki ya yawaita a Suwidin, amma ya kamata a tuna cewa a farkon 1974 ne sabuwar dokar da ta sauƙaƙa saki a ƙasar ta fara aiki, don haka ba daidai ba ne a ɗora wa talabijin nauyin duka. Bayan shekara 30, a 2003, Bergman ya dawo da 'yan wasan nan biyu, Liv Ullmann da Erland Josephson, a fim ɗin Saraband, sun tsufa da gaske.

5. Hanyar da Indiya ta Bi

Fim ɗin Indiya, wanda shi ne 'yan kallo na ƙasar Hausa suka fi sabawa da shi, ya bi tasa hanyar. A can aure haɗin dangi biyu ne, kuma sai a 1955 doka ta buɗe ƙofar saki ga ɗaukacin mabiya addinin Hindu, a 1976 aka ƙara mata damar rabuwa bisa yardar juna. Saboda haka matar aure a tsofaffin fina-finai mai haƙuri ce wadda ba ta gajiya. A Mother India na Mehboob Khan, na 1957, mijin Radha ya rasa hannuwansa a gona, kunya ta sa ya bar gida, ita kuwa ta ci gaba da riƙon 'ya'ya da gona da mutuncinta har tsufa. Shekaru sun sauya jikinta, ba su taɓa zuciyarta ba.

A shekarun 1970 aka fara leƙa cikin ɗaki. Abhimaan na Hrishikesh Mukherjee, na 1973, labarin wani shahararren mawaƙi ne da ya auro 'yar ƙauye mai zaƙin murya, ya sa ta a harkar waƙa, sai farin jininta ya zarce nasa, hassada ta shiga zuciyarsa har ta koma gidan mahaifinta. Amitabh Bachchan da Jaya Bhaduri, waɗanda suka fito a fim ɗin, a wannan shekarar suka yi aure. A nan maƙiyin auren yana cikin ƙirjin mijin ne. Aandhi na Gulzar, na 1975, ya nuna ma'aurata da siyasa ta raba su suka sake haɗuwa bayan shekaru, har gwamnati ta hana nuna shi na wani lokaci a zamanin dokar ta-ɓaci saboda ana kamanta matar da Indira Gandhi. A Silsila na Yash Chopra, na 1981, miji ya koma wa tsohuwar masoyiyarsa, amma a ƙarshe kowa ya koma ɗakinsa, domin har a lokacin sai an ɗinke auren kafin a tashi.

Arth na Mahesh Bhatt, na 1982, shi ya karya wannan al'ada. Mijin Pooja ya bar ta saboda wata 'yar fim. Ta sha wuya, ta nemi aiki, ta tsaya da ƙafafunta. Da abin ya ɓaci masa ya dawo neman gafara, sai ta tambaye shi, da ita ce ta yi masa haka, zai karɓe ta? Ya amsa cewa ba zai karɓa ba, ita ma ta ƙi komawa. Shabana Azmi ta sami kyautar ƙasa a kan wannan fitowa. Bayan shekara 21, a 2003, Baghban ya dawo da labari mai kama da na McCarey: Amitabh Bachchan da Hema Malini sun shekara 40 da aure, 'ya'yansu maza 4 suka raba su bayan uban ya yi ritaya daga aikin banki. Amma inda McCarey ya bar tsofaffinsa a tasha, fim ɗin Indiya ya kawo ɗan riƙo ya share musu hawaye, ya kuma ba uban arziki daga littafin da ya rubuta. Labarin da ya faɗi a kasuwar Amurka a 1937 ya sami karɓuwa a Indiya a 2003, bayan an sa masa ƙarshe mai daɗi.

6. Da Fim ya Koyi Jira

Mataki na baya-bayan nan a wannan tarihi shi ne inda masu fim suka daina yi wa 'yan wasa kwalliyar tsufa, suka jira shekarun suka wuce da kansu. Richard Linklater ya shirya fina-finai 3 da 'yan wasa biyu, Ethan Hawke da Julie Delpy, tsakanin kowane fim da na bayansa shekara 9. A Before Sunrise na 1995, wani saurayi Ba'amurke da wata budurwa Bafaranshiya sun haɗu a jirgin ƙasa, suka sauka a Biyana suka kwana suna yawo da hira, suka yi alkawarin haɗuwa bayan wata 6. A Before Sunset na 2004 suka sake haɗuwa a Faris, shi yana da mata da ɗa, kowa yana cizon yatsa a kan alkawarin da bai cika ba. A Before Midnight na 2013 suna zaune tare, ba tare da ɗaurin aure ba kamar yadda ya yawaita a can, suna da tagwaye mata, sun je hutu ƙasar Girka. Abokai suka kama musu ɗaki a otal don su huta da yara, sai daren ya ƙare a doguwar rigima a kan wa ke ɗawainiyar gida, da aikin wa za a fifita, da ɗan da ya baro a Amurka. Mai kallon da ya ga na farko yana saurayi, ya ga na uku da furfura a kansa, kuma tamojin da ke fuskar 'yan wasan na gaskiya ne.

Sauran fina-finan wannan zamani sun nufi ƙarshen hanya. A Separation na Asghar Farhadi, daga Iran, na 2011, ya nuna ma'aurata Musulmi da suka shekara 14 tare: matar tana son su bar ƙasar saboda makomar 'yarsu, mijin ba zai iya barin mahaifinsa mai ciwon mantuwa ba. Kowannensu yana da gaskiya, amma auren bai tsira ba. Amour na Michael Haneke, na 2012, ya nuna tsofaffin malaman kiɗa biyu da suka haura shekara 80, matar ta sami shanyewar ɓarin jiki, ta sa mijin ya yi alkawarin ba zai maida ita asibiti ba. Soyayya a nan ta koma ɗagawa da kwantarwa da ba da abinci a baki, har gajiya da tausayi suka kai shi ga kashe ta, abin da ya jawo muhawara mai zafi. A 45 Years na Andrew Haigh, na 2015, saura mako guda a yi bikin cikar aurensu shekara 45, sai wasiƙa ta zo cewa an gano gawar budurwar mijin ta fari a cikin ƙanƙarar duwatsun Suwizalan. Matar ta shiga tambayar kanta ko duk zaman nan ita madadin wata ce.

7. Inda Abin ya Shafi Ƙasar Hausa

An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, daga shekarun 1950 kuma 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da fina-finan Indiya, waɗanda suka sami karɓuwar da ta wuce ta na Amurka. Masanin halayyar al'umma Brian Larkin, a wani nazari da ya buga a 1997, ya danganta wannan da kamannin da 'yan kallo suka gani tsakanin rayuwarsu da ta Indiyawa, musamman kunya, da girmama iyaye, da rigimar auren dole. Da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, sa'an nan irin su Sangaya na 1999 suka kafa salon waƙa da rawa, abin da aka fi ɗauka daga Indiya shi ne ɓangaren neman aure, watau Indiyar masoya a lambu, aka bar Indiyar Abhimaan da Arth.

In kuma an shiga gidan aure, akwai wani abu da yake sauƙaƙa wa mai tsara labari aiki, domin kishiya da uwar miji da boka maƙiya ne da ake gani da ido. Sau da yawa sai a ɗora musu laifin duka, a kauce wa tambayar abin da ya sauya tsakanin miji da mata su kansu. Ba a rasa masu yin dabam ba. Littafin Balaraba Ramat Yakubu mai suna Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, wanda aka maida fim a 1998, ya fara ne da Rabi, uwar 'ya'ya 9, wadda mijinta ya daɗe da yin sakaci da gidansa tun kafin ya auro wata ya kore ta. Amarya ta zo ne ta tarar da ɓaraka, ba ita ta fara ta ba.

Maganar ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. Yawan mutuwar aure ya kai ga a 2012 Gwamnatin Jihar Kano, ta hannun Hukumar Hisba, ta fara shirin aurar da zawarawa. Ba za a ce fim ne yake kashe aure ba, kamar yadda ba za a ce Bergman ne ya raba mutanen Suwidin ba. Amma matashin da ya ga neman aure sau ɗari a allo, bai taɓa ganin shekara ta 10 ta zaman aure ba, zai iya ɗaukar sanyin da ya biyo bayan amarci a matsayin alamar cewa ya yi kuskuren zaɓe, alhali kuwa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

8. Kammalawa

A taƙaice, an ga matakai uku. Daga 1934 zuwa tsakiyar shekarun 1960 doka da kasuwa sun tsayar da fim ɗin soyayya a ranar biki, ko kuma sun sa shi maimaita neman aure da sunan kome. Daga 1966 zuwa 1982, da dokokin tacewa da na saki suka sassauta, fim ya shiga cikin gida ya nuna yadda aure yake rushewa daga ciki, a Amurka da Turai da Indiya. Daga 1995 zuwa 2015 ya kai ga nuna zaman da kansa, da ɗawainiyarsa da jinyarsa da tsufansa. Kayan aikin da aka yi amfani da su ba masu tsada ba ne: teburi guda, hanya guda, ɗaki guda, da 'yan wasa biyu. Mai shirya fim a Kano ko Kaduna ko Damagaram yana da irinsu a kusa da shi, akwai tabarmar tsakar gida, akwai kwanon tuwon dare, akwai kuɗin cefane da ake ajiyewa kowace safiya. Abin da ya rage shi ne a sami marubutan da za su zauna da dattawan da suka shekara 40 tare, su ji daga bakinsu yadda aka yi aka kawo yau.